Littafi Ba Ɗan Fari Ba Ne: Yadda Za Ki Tallata Abin Da Kika Rubuta

Littafina na biyu ya yi wata bakwai a ƙarƙashin gadona. Kwafi dubu ɗaya na buga da kuɗin adashen da na kwasa, na haɗa da 'yan kunnena na zinare da na sayar. Ɗari uku na kai kasuwa, sauran suna ɗaure a kwalaye. Da damina ta sauka danshi ya kama kwalin ƙasa, takardun suka manne da juna, na zauna ina ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, ɗakin duk warin fumfuna.

A cikin watannin nan ne aka yi bikin 'yar wata 'yar'uwata. Muna zaune ranar kamu, sai wata dattijuwa da ta zo daga Maraɗi ta matso kusa da ni ta ce, "'Yata, an ce ke ce mai rubuta littattafai?" Na sunkuyar da kai na ce, "A'a Hajiya, ɗan taɓawa dai nake yi." Ta ce, "To, Allah Ya taimaka," ta juya ta ci gaba da hirarta. Sai bayan an watse 'yar'uwar tawa take gaya mini matar tana saro kaya a Kano, tana kuma haɗawa da littattafan Hausa saboda matan unguwarsu. Ta zo da niyyar saye, ni na kore ta da bakina.

Da ke nake, ƙanwata, wadda ta gama rubutu amma harshenta ya yi nauyi. Maza marubuta ma akwai rabonsu a ciki, sai dai nauyin ya fi danne mu.

Kada ki ɗauka kunyar nan aibi ce da za a cire miki kamar ƙaya. Tarbiyya ce. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. A al'adarmu mutum ba ya wasa kansa, akwai masu wannan sana'a: maroƙi ne ke faɗin asalinka, zabiya ce ke koɗa amarya. Ga tsoron riya, ga tsoron kambun baka, ga tunanin abin da dangin miji za su ce idan suka ga sunanki yana yawo a waya. Ni 'yar fari ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Umma ta kira sunana ba, "yarinyar nan" take cewa, ko ta aiki ƙanena ya kira ni. Da na fara rubutu sai na tarar haka nake yi wa littattafaina. Ba na iya faɗin sunansu a gaban mutane, sai in ce "ɗan abin nan da na rubuta."

Abin da ya warware mini kai ba a wani taron marubuta na same shi ba. Wata mata ce mai sayar da awara a bakin layinmu. Kullum da la'asar tana kiran masu wucewa, ba ta taɓa cewa ita ce gwanar suya a unguwar ba. Abin da take faɗa kawai: ga awara da zafinta, da yaji, ta nawa za a ba ka. Babu wanda ya taɓa ce mata mai girman kai. Haja take kira, ba kanta ba. Sanarwa daban, yabon kai daban, mu ne muka cakuɗa su har muka rasa bakin magana.

Saboda haka aikin farko, tun kafin ki taɓa waya, shi ne ki samo jimlar da za ki riƙa kiran hajarki da ita.

Wannan ya fi yadda kike zato wuya. Duba tallan littattafan da ke yawo a zaurukan WhatsApp, kusan duk kalma ɗaya ce: "labari mai cike da zazzafar soyayya, cin amana, makirci, ban tausayi da darussan rayuwa, kada ki bari a ba ki labari." Wane littafi ne bai ƙunshi waɗannan ba? Mai karatu ta ga irin wannan sau ɗari, idonta ya daina tsayawa a kai. Kuma ke kanki da kike rubuta shi kina jin nauyi, domin yabo ne tsagwaronsa, babu labari a ciki.

Ki faɗi wace ce, me ya same ta, sannan ki yi shiru. Misali: "Labarin wata ungozoma ne da aka tashe ta da tsakar dare ta karɓi haihuwa, sai da ta shiga ɗakin ta gane mai naƙudar kishiyar 'yarta ce." Shi ke nan. Ba ki ce littafin ya yi daɗi ba, ba ki ce ke gwana ce ba, amma duk wadda ta ji za ta ce, "Sai aka yi yaya?" Idan jimlarki ba ta jawo wannan tambaya ba, ki sake ta. Ni nakan rubuta goma ko fiye a bayan littafin lissafina, in karanta wa ƙanwata da ba ta ragar mini, in ɗauki wadda ta sa ta ajiye abin da take yi.

In kin samu, ki haddace ta, ki faɗe ta da baki, a fili, ke kaɗai a ɗaki. Ki haɗa da sunan littafin, da kuɗinsa, da inda ake samu. Ki maimaita har ta zama kamar gaisuwa a harshenki. Dalili shi ne, ranar da za a tambaye ki ba za ki kasance a shirye ba. A layin awo za a tare ki, ko a gidan suna kina riƙe da jaririn wani, kuma abin da baki ya saba shi zai fito. Idan "ɗan taɓawa nake" ya saba, shi zai fito.

Maganar kuɗi ita ce inda yawancinmu muke tuntuɓe. Ki faɗi farashi kai tsaye, kada ki gabatar da shi da ban haƙuri. Na sha ganin marubuciya ta rubuta sakin layi guda tana bayanin tsadar data, da ciwon ido, da rashin barci, kafin ta iya cewa littafin na kuɗi ne. Ba roƙo kike yi ba. Tela ba ya ba da haƙuri kafin ya faɗi kuɗin ɗinki. Sunan littafi, jimlarki, farashi, lambar asusu, lambar da za a tura shaidar biya, ya wadatar. Ki tuna da masu karatu na Nijar, domin Maraɗi da Damagaram da Yamai akwai masu bin littattafanmu sosai, kuma da sefa suke ciniki. Ki nemi amintacciya a can da za ta riƙa karɓa, ki sa lambarta da izininta.

Sai dangi da ƙawaye masu cewa, "Ina nawa?" Wannan ba ta da magani sai shiri. Tun ranar da littafi ya fito daga maɗaba'a ki ware adadin na kyauta, ki rubuta sunayen waɗanda za su samu: iyaye, malamin da ya duba miki, wadda ta riƙe miki yara kina rubutu. In sun ƙare sun ƙare. Wadda ta zo daga baya ki ce mata da fara'a, "Yaya, na rabon sun ƙare wallahi, amma akwai na sayarwa, in kawo miki?" Ranar farko za ki ji kamar ƙasa ta tsage ki shige. Daga baya za ki ga da yawansu suna zaro kuɗin ba tare da ɓacin rai ba, sun tambaya ne kawai saboda haka aka saba.

Mai tsire yana ba da ɗanɗano, ke ma ki bayar. Tsarin da marubutan intanet suka ɗauka, na sakin shafukan farko kyauta a manhajar karanta labarai ta Wattpad ko a WhatsApp sannan sauran a biya, tsari ne mai kyau, sai dai a kiyaye abu biyu. Ki faɗa tun a shafin farko cewa littafin na kuɗi ne, da inda na kyauta zai tsaya. Jan mutane har tsakiyar labari sannan a rufe musu ƙofa ba tare da gargaɗi ba yana barin ɗaci, kuma suna da gaskiya in sun ji haushi. Na biyu, ɗanɗanon ya zama daga naman gaske. Kada ki ƙirƙiro wani shafi mai tayar da hankali, ko ki cusa abin da bai dace ba domin jan ido, alhali littafin ba haka yake ba. Wadda ta saya saboda wannan za ta ji an yaudare ta, wadda kuma littafin ya dace da ita ta riga ta wuce.

Game da inda za ki kai tallan, ba kowane taro ake baza kaya ba. Zauren dangi da aka buɗe saboda zumunci, zauren makarantar Islamiyya, zauren da ake cikin karɓar gaisuwar rasuwa, ki bar su. In za ki saka a zauren da ba naki ba, ki nemi izinin mai zauren tukuna. Kuma kada ki bi mutane ɗaya-ɗaya kina tura musu abu guda kullum safiya. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ni kwana biyu na ware a mako, Talata da Asabar bayan la'asar, awa ɗaya-ɗaya. A nan nake saka abin da zan saka, in amsa saƙonni, in duba waɗanda suka biya. Sauran kwanakin na rubutu ne. Na yi wannan ƙa'ida ne bayan wata shekara da na wayi gari na ga na fi ba amsa saƙo lokaci a kan littafin da nake bin kaina bashinsa.

To, yabon fa, wa zai yi? Masu karatu. Wannan ma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Waɗanda suka riga mu, marubutan Kano na ƙarshen shekarun 1980 da na 1990, irin 'yan ƙungiyar Raina Kama, babu kamfanin da ya tsaya musu. Su suka buga da kuɗinsu, su suka kai kasuwa. Duk wadda ta taso da littattafan wancan lokaci za ta tuna shafukan ƙarshe: jerin sunayen littattafan 'yan'uwa marubuta, da waɗanda ke nan tafe, da adireshin marubuci, wani lokaci da wasiƙun da masu karatu suka aiko. Kowa yana ɗauke da tallan ɗan'uwansa a bayan littafinsa. Ta haka mutum bai yabi kansa ba, kuma sunansa ya zaga.

Ki yi koyi da su. Idan mai karatu ta turo miki saƙon da ya taɓa ki, ki tambaye ta, "'Yar'uwa, kin yarda in nuna wa mutane wannan?" In ta yarda, ki rufe sunanta da lambarta sannan ki saka. Ki zaɓi wanda ya faɗi wani abu takamaimai, kamar wadda ta ce ta kira mahaifiyarta bayan ta gama babi na tara, ya fi "gaskiya kin iya" guda hamsin. Kada ki taɓa rubuta wa kanki yabo da sunan wata. Ƙarya ce, kuma masu karatu suna gane salon alƙalaminki fiye da yadda kike tsammani. Haka idan za ki tallata littafin wata marubuciya, ki karanta shi tukuna. Na taɓa yaba wani da ban buɗe ba saboda kara, wata tsohuwar mai karatuna ta saya a kan maganata, ta dawo ta ce, "Anti, ke kika ce mu saya." Ban sami amsar ba ta ba, kuma ban sake ba.

Rediyo har yanzu yana da ƙarfi, musamman wajen matan da ke gida, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwarmu. Karon farko da aka gayyace ni wani shirin adabi a Kano, na yi rabin awa ina magana a kan tarbiyya da matsalolin aure da halin da rubutu yake ciki. Da aka kashe na'ura mai gabatarwar ya cire abin kunnensa ya dube ni ya ce, "Malama, kin san har muka gama ba ki faɗi sunan littafin ba? Ni na faɗa sau ɗaya a farko, wanda ya kamo mu a tsakiya bai san a kan me muke ba." Tun daga ranar nake shiga da takarda a hannu, an rubuta abu uku da manyan baƙaƙe: suna, farashi, inda ake samu. Ina faɗinsu a farko, da tsakiya, da ƙarshe. Ki tafi da kwafi biyu, ɗaya na mai shirin. Ki zaɓi wurin da za ki karanta tun daga gida, wanda bai wuce minti uku ba, mai magana tsakanin mutum biyu, ki gwada shi da agogo. Karatun nan shi ne tallan da ba ya buƙatar ki ce komai a kan kanki.

Haka tarukan marubuta. Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma ana zaman karatu inda kowa zai karanta nasa a yi masa gyara. Ki je, ko da ƙafarki na rawa. Gasa ma hanya ce: tun 2016 da BBC Hausa ta fara Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata, matan da labaransu suka yi fice an ji sunayensu a inda tallan kansu ba zai taɓa kai su ba. Shiga gasa ba ya buƙatar ki yabi kanki, aikin kawai za ki tura.

Bikin ƙaddamarwa kuwa, ki yi lissafi da idon basira. Kuɗin zaure, katin gayyata, abinci, mai ɗaukar hoto, duk daga aljihunki za su fita kafin kowa ya zo. A wurin taro babban mai ƙaddamarwa zai tashi ya ce ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi mai yawa, a yi tafi, a yi guɗa. A nawa bikin da aka yi, alkawari mafi girma da aka ɗauka a ranar har yau bai iso ba. Na yi zarya ofishin mutumin sau huɗu, a na huɗun na ji na zama mai bara, ban koma ba. Idan ba ki da wanda zai tsaya miki wajen karɓo alkawari, ki tara mutum talatin a tsakar gida ko ajin wata makaranta, ki karanta musu, ki ajiye littattafai a kan tebur da wata ƙanwarki riƙe da canji. Abin da aka samu a ranar a hannu yake.

In littafin takarda ne, ki je kasuwa da ƙafarki, ko ki tura wanda kika yarda da shi. Masu sayar da littattafai a Sabon Gari da wajen Bata a Kano galibi sai an sayar suke biya, don haka ki riƙe littafin lissafi: kwafi nawa kika bari, ranar nawa, ya sa hannu. Ki riƙa leƙawa kina gaisawa. Ki gaya wa mai shagon jimlar nan taki, domin shi ne zai tsaya gaban mai saye ba ke ba, kuma littafin da ya san labarinsa shi yake miƙawa idan aka ce, "Alhaji, wanne ne sabo?" In kuma a manhaja kike sayarwa, kada ki zuba ƙwanki duka a can. Lokacin da manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks ta rufe a 2023, marubutan da ba su da wata hanyar isa ga masu karatunsu sun sha wahala. Ki tara lambobin waɗanda suka taɓa saya, da yardarsu, a wuri naki na kanki.

Za a fitar miki da littafi. Wata za ta biya ta watsa shi a zauruka goma, wani zai karanta shi a YouTube ba da izininki ba. Yana da ciwo, na sani. Amma kada shafinki ya koma wurin Allah ya isa safe da yamma. Ki faɗa sau ɗaya a farkon littafi, da nutsuwa, cewa haƙƙinki ne kuma ba ki yafe a yaɗa ba. Wanda ya ɗora a YouTube ki kai ƙorafi ta hanyar da dandalin ya tanada. Sabuwar mai karatu da ta leƙo ta tarar da tsinuwa ba ta san abin da ya faru ba, juyawa za ta yi.

Akwai iyakar da ke za ki shata wa kanki, kuma babu mai ikon matsa miki. Ba dole ki sa hotonki ba, bangon littafin ya isa. Ba dole ki nuna 'ya'yanki ko ɗakinki ba. In sunan alƙalami ya fi miki kwanciyar hankali, ki riƙe shi, sai dai ki tsaya a kan guda ɗaya domin a san ki da shi. Ki sayi layin waya daban na littafi, ki rubuta lokutan da ake kira, ki kashe shi da magariba, saboda akwai masu kiran da ba littafi ya kawo su ba. In kina da aure, ki zauna da maigida tun kafin a ji muryarki a rediyo, ya ji daga bakinki kafin ya ji a majalisa. Ni da na yi haka, shi ya riƙa kai ni, yana jira a waje da rediyon mota a kunne.

Kwanakin baya na je gaida Umma, na tarar da maƙwabciyarta a ɗaki. Umma tana ajiye kwafi biyar-biyar na kowane littafina a cikin kabad, bayan kwanukan tangaran. Ina cire takalmi na ji tana cewa, "Na yarinyar nan ne, sabon da ta fitar." Ta faɗi sunan littafin tiryan-tiryan, ta faɗi kuɗinsa. Matar ta ce, "Haba Hajiya, ba ragi?" Umma ta ce, "Albarka." Matar ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo kuɗin cif, Umma ta karɓa ta sake ƙirgawa, ta ɗaga filo ta saka su a cikin ambulan ɗin da take tara mini, sannan ta dube ni ta ce in an tashi kawo wasu a ƙaro mata da na farkon, an tambaya sau biyu.